Turken Rami na Uku

Yau kwana shida ke nan rana ba ta leƙo Yelwa ba. Marka ta zauna mana daram, shinkafar da na turara tun ranar Lahadi tana nan shimfiɗe a tsakar ɗaki ta ƙi bushewa, har ta fara tsami. Jikata Rabi tun safe take mita, wai gawayi ya jiƙe, wai ashana ta yi sanyi, wai a aika a cika tukunyar gas. Na ce ta je ta cika, ban tanka sauran ba. Yarinyar da ba a taɓa kwana biyu ba a hura wuta a gidansu ba, me zan gaya mata ta gane? Ni kuwa duk shekarar da marka ta wuce kwana biyar sai gabana ya riƙa faɗuwa, ko da buhu goma ne jingine a ɗaki. Wata damina ce ta bar mini wannan, ina 'yar shekara goma, a tungarmu da ke bakin tabki can ƙasar Ngaski.

Mu ba masunta ba ne, manoma ne, amma ruwa ne ubangidanmu. Tun da aka datse kogin Kwara aka yi dam, shi ke ba mu gona, shi ke karɓewa. Da rani ya ja baya ya bar baƙar laka mai kyau, mu bi shi mu dasa albasa. Da ruwan sama ya sauka mu shuka shinkafa a wurin, mu yi ta roƙon Allah ta nuna kafin tabki ya dawo ya karɓi abinsa. Yawancin shekaru mukan riga shi da mako biyu ko uku.

Albasa sai da ban-ruwa, a lokacin kuma ba mu san injin da kowa ke ja a bayan babur yanzu ba. Rami kowa ke haƙawa a gonarsa, yana ɗiba da ƙwarya. Ruwa na ja baya ana ƙara wa ramin zurfi, kafin ƙarshen bazara ramin ya shanye dogon mutum har da hannunsa a sama. Ba a cikewa, don baɗi ma ana so. Sai dai akwai doka, kuma ko liman bai isa ya karya ta ba: kafin damina ta kankama kowa ya kafa dogon turke na gwangwala a bakin kowane raminsa, ya ɗaura tsumma a kai, yadda ko tabki ya rufe gona za a hango a kauce. Ba mai taɓa turken wani. Yaro ko jingina ya yi da shi, wanda ya fara ganinsa ya zane shi, in ya kai ƙara gida ubansa ya ƙara masa. Baba yana da rami uku. Biyu a tsakiyar gona, na ukun tsoho ne, can ƙasa, iyaka da gonar Bawa maƙwabcinmu.

Shekarar da nake faɗa, albasa ta ruɓe mana tun a ƙasa, saboda haka rumbu ya ƙare tun ana noman farko. Geron tudu bai isa ko tumu ba. Tafasa muke ci da rama, yau kwaɗo gobe miya ba tuwo, in an dace a dama dusa. Mutanen gari suna ganin wanda ke bakin ruwa ba ya yunwa, ai ga kifi. To, da marka ko masunta ba sa fita sosai, ɗan abin da aka kamo kuma ba itacen da za a banda shi. Mu yara mun koma ciki a gaba, wuya kamar mariƙin lema, sai idanu. Duk fatanmu yana kan shinkafa, wadda ta yi kyan da ko tsofaffi suna cewa sun daɗe ba su ga irinsa ba. Ta fitar da kai, ta fara sunkuyawa, sauranta ɗan kaɗan.

Sai marka ta sauka. Ba ruwa ne mai tsawa da iska ba, wanda zai yi ya wuce. Yayyafi ne mai naci, safe da yamma, sama fara fat ba ka sanin hantsi daga la'asar. Jinkar ɗaki ta sha ta ƙoshi ta fara ɗiga, muka jera ƙore muna tarewa. Tabarma ta yi funfuna, gishiri ya narke a ɗan tulunsa, zane ba ya bushewa a jiki. A rana ta uku itacen da Inna ta ɓoye ƙarƙashin rumbu ya ƙare. A ta huɗu muka ƙona tsohuwar kujerar tsugunne da kututturen da kaji ke hawa. A ta biyar ba a hura wuta a gidanmu ba, muka ci ɗanyen garin dusa jiƙe da ruwa, wanda ke kwana a ciki kamar an haɗiyi yashi.

Ƙanena Isiya, ɗan shekara uku, zazzaɓi ya kama shi. Ya daina kuka ma, sai numfashi sama-sama. Inna tana da juna biyu wata bakwai a lokacin, ta zauna da shi a cinya ta daɗe tana kallon murhu. Can ta ce, ba ta ko dube ni ba:

"Ke, tashi ki samo min icce, ko mi kis samu. Yaron ga in bai sha abu mai zahi ba yau, ban san mi za a yi ba."

"Inna, duk ya jiƙe."

"Ki tahi dai."

Na yafa buhu na fita. Na zaga bayan tunga, duk abin da zai ci wuta an riga ni. Kashin shanu ya zama taɓo, karan bara ya ruɓe, reshen da na karyo ɗanye ne shar. Ƙafa ta kai ni har gangaren gonaki, ina tafe ina kukan haushi. Ina ɗaga kai sai ga turken Baba na uku, tsaye shi kaɗai, tsummansa ya lafe. Gwangwala ba ta riƙe ruwa, ko ta jiƙe a baya cikinta busasshe ne, kowane yaro ya san wannan. Na dubi tabki, yana can nesa, sai ka wuce gonaki huɗu kafin ka taka shi. Na ce a raina ai da saura mako biyu, rana na fitowa zan samo wata in kafa, wa zai sani?

Ban ma sha wahala ba, laka ta yi laushi, girgiza biyu ya fito. Na kwance tsumman na cusa a taɓo, na taka gwangwalar na kakkarya ta gutsi-gutsi don kada a gane, na rufe da buhu na ruga gida. Inna ta karɓa ba ta tambaye ni komai ba. Ta fasa, ta hura, wuta ta kama da ƙara. Har yau ban manta ƙamshin kunun dusar nan ba. Isiya ya sha rabin ludayi, ya huta, ya ƙara sha, zuwa la'asar gumi ya karyo masa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har wani alfahari na ji, kamar ni na warkar da shi.

Kwana biyu bayan nan, ana idar da sallar asuba, muka ji muryar Bawa a ƙofar gida. Bawa Bakambare ne, dogo, ranar Lahadi coci yake zuwa, amma shi da Baba tun suna samari gonarsu ke manne da juna.

"Audu! Hito, ruwa ya taho!"

"Wane ruwa, Bawa? Yanzu?"

"Ya ci gonar Sale, yana cikin ta Ɗanladi. Hito ka gani da idonka."

Duk tunga ta gangara. Tabkin da na bari can nesa ya zo, ja kamar kunun kanwa, ba igiya ba ƙara, yana dai tafiya a hankali cikin shinkafa. Wani ya soka ɗan tsinke a bakin ruwan, kafin a gama salati da jajantawa tsinken ya nutse. A yau waya ake bugowa daga saman kogi a ce ruwa na tafe ku shirya. A lokacin sai dai ka tashi ka gan shi a gonarka.

Mai gari ya yanke magana a tsaye: gayya, kowa da kowa, a fara da gonakin da suka fi gangare a yi sama, nunanniya da ɗanya duk a yanke. Da aka jera, tamu ta faɗo rana ta uku. Kowa ya ruga ɗauko lauje. Ni kuwa na tsaya ina hango tsummokara suna kaɗawa a gonakin mutane, biyu a tamu.

A ranar farko na saci jiki da tsakar rana na nemi abin da zan kafa. Ina! Duk gwangwalar da ta rage a tunga ko ta shiga wuta ko tana hannun masu tuƙa jirgi. Wani ruɓaɓɓen kara na samu a jikin danga, na zaga ta bayan mutane na shiga gonarmu. Ruwa ya riga ya rufe ƙasan gonar har gwiwata. Shinkafar wajen marka ta kwantar da ita, burgu kuma, ciyawar nan mai yaɗo a kan ruwa, ya taso daga tabki ya shimfiɗu a kai, ko'ina iri ɗaya. Ramin da nake ɗiban ruwa a cikinsa tun ina rarrafe, na rasa inda yake. Na tsaya daga nesa na miƙa hannu na soka karan inda nake zato. Ban kai ga juyawa ba ruwa ya kwantar da shi ya tafi da shi.

Da magariba Baba ya dawo. Shi aka ba jirgi, yana jigilar dammuna daga gona zuwa tudu tun safe, tafin hannunsa ya ɗaye, tsakanin yatsun ƙafarsa ya yi fari ya tsage. Na kai masa buta na tsaya a kansa. Maganar ta zo har bakina.

"Lahiya?" ya ce.

"Lahiya lau, Baba."

"To ba ni wuri."

Tsoro ne, ba wani abu ba. Baba ba mai yawan duka ba ne, amma na taɓa ganin abin da ya yi wa ɗan ƙanensa da ya yi lilo da turken wani, sai da aka riƙe shi. Wannan lilo kawai ya yi. Ni da na cire na ƙona fa? Na ce gobe zan faɗa. Goben ta zo, aka wuni a gonar su Ɗanladi da ta Bawa, na ga yadda mutane ke tafiya cikin ruwa har ƙugu ba mai duban ƙasa, ido na kan tsumma kawai, na kuma kasa. Abinci ma da aka samu a ranar, ɗanyar shinkafa da aka soya a kasko aka sussuka, na ture ban ci ba. Mata suna ce mini ko zazzaɓin Isiya ne ya dawo kaina.

Rana ta uku ta waye da yayyafi. Ruwa a gonarmu ya kai ƙugun manya, ni kuwa har ƙirji, da sanyin da ke shiga ƙashi. Maza suka yi sahu da lauje daga sama za su gangara, mata da 'yan mata a bayansu muna kwasa muna ɗaurewa muna kai wa jirgi. Cinnaku sun dunƙule a kan zangarniya suna gudun ruwa, kana kamawa su watsu a hannunka. Matsattsaku kuwa mun daina cire su, sai an fita. Sau biyu aka yi ihun maciji, sahu ya buɗe ya wuce, aka rufe.

Kafin a sa lauje Baba ya miƙe a cikin jirgi ya ɗaga murya, kamar yadda kowane mai gona ke yi:

"Jama'a, sannunku da taimako. Ku dubi tsumma. Inda duk babu tsumma ƙasa ce, ku taka ba tsoro."

Kwana uku bai yi barcin kirki ba, idonsa ja wur, bai tsaya ƙirga tsummansa ba. Wa ke ƙirga abin da ya kafa da hannunsa?

Abin da ya ƙarasa ni shi ne Inna. Kwana biyun farko a tudu take tare da tsofaffi, suna baza shinkafa a rumfa. Ranar sai ga ta ta ɗaure zane a saman ciki tana shigowa ruwa. Inna 'yar tudu ce, daga wajen Shanga aka auro ta, ba ta iya ruwa ba ko kaɗan. Ko jirgi za ta shiga sai ta rufe ido ta kama gefe da hannu biyu.

"Ke, koma tudu," in ji Baba. "Da wanga cikin za ki shiga?"

"Gonarmu ce. In zamna ina kallon mutane na yi muna aiki?"

Ba ta jira amsarsa ba. Kuma duk faɗin gonar nan ba ta zaɓi ko'ina ba sai ƙarshen sahu, ta wajen iyakar Bawa, daidai layin da zai gangara kan rami na uku.

Aka fara. Lauje na ci, wani na ba da waƙa ana amsawa da kyar, haƙora na kaɗawa. Ni ina aiki amma idona na kan Inna. Mu 'yan mata dabararmu ita ce mu goya dami ɗaya a baya da majanyi kamar jariri, mu ɗora wani a ka, don tafiya ɗaya ta zama biyu. Hannuna ya mutu da sanyi, majanyin yana ta zamewa, saboda haka na yi masa ƙulli biyu a ƙirji na ja da haƙori. Jiƙaƙƙiyar shinkafa nauyi gare ta, tana ja na baya, ina turjewa.

Zuwa azahar an ci rabin gona. An wuce turke na ɗaya, an wuce na biyu, kowa ya kauce musu da kyau. Sahu ya doshi shimfiɗar burgun nan. Na ƙiyasta tsakanin Inna da wurin bai fi taku ashirin ba. Sai sha biyar. Tana tafe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, tana ɗan rage sauri, matan da ke kusa da ita tana tura su hagu. Ni a zatona nauyin ciki ne. Baba yana can ya nufi tudu da jirgi cike, ko na yi ihu ba zai ji ba. Bakina kuma ya ƙi buɗuwa, har a lokacin, Allah ya gani, tsoron duka bai sake ni ba.

Sai wata dabara ta yarinta ta zo mini. Na iya ruwa, duk tunga an sani, nakan tsallake mashigi in dawo ban huta ba. Na ce bari in riga ta, in lalubo bakin ramin da ƙafa, in tsaya a wurin kamar ina gyara kaya, dole ta kauce mini. In ma na zame, ai iyo zan yi in fito. Na sauke damin kaina na miƙa wa wata, na manta sam da wanda ke bayana. Na kutsa ta gefen Inna na wuce gaba, ina jan ƙafa a laka.

Ni 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Ranar na ji ta ƙwala shi da muryar da ban san tana da ita ba.

"Luba! Luba, dawo! Kak ki bi nan!"

Na juyo in dube ta, ƙafata ta dama ta taka babu.

Ban ko samu jan numfashi ba. Damin ya fizge ni ta baya, na tafi rigingine, burgu ya rufe a kaina. Na ga haske ja-ja a sama, ya koma ruwan ƙasa, ya ɓace. Ruwan ramin ya fi na sama sanyi nesa ba kusa ba. Na buga ƙafa yadda na saba, na kaɗa hannu, ban motsa ba, kamar mutum ya riƙe ni ta baya ya zauna. Sai a lokacin na tuna da goyon. Na kai hannu ƙirji, ƙullin ya sha ruwa ya kumbura ya zama dutse. Na ja, na yaƙusa, farcena ya karye. Zanena ya warware ya nannaɗe mini cinyoyi. Ƙafafuna suka taɓa ƙasa, na yi murna zan dunƙula in yi sama, sai laka ta haɗiye su har ƙwauri.

Ƙirjina ya fara wuta. Kunnena na ƙara, ina jin bugun zuciyata a cikin kai, can sama kuma wani gunji-gunji na muryoyi. Na san in na buɗe baki shi ke nan, na datse haƙora, amma jiki ba ya shawara da mutum. Bakin ya buɗe da kansa. Ruwa ya shiga, ɗanɗanon laka da ruɓaɓɓen ciyawa, ta hanci ta maƙogwaro. Abin da na tuna na ƙarshe ba salati ba ne, ba zan ɓoye ba. Cewa na yi Inna za ta biyo ni, kuma ba ta iya ruwa ba. Daga nan sai na ji jikina ya saki, tsoron ma ya tafi, wani irin barci mai daɗi yana ɗauka ta. Kamar a mafarki na ji an damƙi kitsona, wani abu mai zafi ya tsaga mini kafaɗa.

Sauran a bakin mutane na ji. Inna ta yunƙura za ta faɗa, mata biyu suka riƙe ta. Bawa ne ya fi kusa, ya nutsa ya fito hannu wofi, don ba wanda ya ga daidai inda na shiga, burgu ya koma ya rufe. Inna ce ta nuna masa, tana fizge-fizge tana ihu:

"Ba nan ba! Gaba kaɗan, dama gare ka! Ramen na nan!"

Ya koma da laujensa a hannu. Ya lalubo dami, ya bi shi ya samu kaina, ya ja na ƙi tasowa. A cikin duhun nan ya zura lauje tsakanin majanyi da fatata ya yanke, ya haɗa da naman kafaɗa. Ya fizge ni daga laka ya turo ni sama. An ce da aka ɗora ni a jirgi leɓena ya yi baƙi, wasu har sun fara salati. Bawa ya kifa ni a kan dammuna yana danna bayana yana zagin kowa da Kambarci, har na amayo ruwa da laka.

Na farfaɗo a tudu, ƙarƙashin ɗorawa, kaina a cinyar Inna, an ɗaure mini kafaɗa da ɗankwalinta. Abin da na fara lura da shi shiru ne. Ba waƙa, ba ƙarar lauje. Na juya ido na ga duk gayya ta fito daga ruwa, maza sun taru gefe guda, Baba a tsakiya tsaye, mai gari a kan kututture.

"Audu, ramunka nawa?"

"Uku, ranka shi daɗe."

"Tsumma nawa munka gani?"

"Wallahi na kahwa uku. Da hannuna, rana ɗaya. Bawa na nan."

"Na ga ya kahwa," in ji Bawa, yana haki har lokacin.

"To ina na ukun?" wani ya ce daga baya. "Ruwa bai tuge na kowa ba sai naka? Kai kac ce mu taka ba tsoro. Da ɗana na, da yanzu mi za ka ce min?"

Doka an san ta: wanda ya bar rami ba turke, gayya ta tashi daga gonarsa, don ba wanda zai sa ƙafa inda maganar mai gona ba abin yarda ba ce. Rabin shinkafarmu tana cikin ruwa, zangarniya ta fara nutsewa, gabas kuma ta haɗe baƙi ƙirin. In aka tashi a ranar, gobe sai dai kifi ya ci. Rabin da aka kwaso ba zai kai mu ko shigowar gero ba, ga haihuwar Inna a kan hanya. Na dubi Baba, mutumin da ban taɓa ganin kansa a ƙasa ba, yana juya hula a hannu yana rantsuwa ana kawar da kai.

Na jawo zanen Inna. Muryata ba ta fita sosai, maƙogwaro duk ya ɗaye.

"Inna, ni nic cire shi. Shi na iccen da nik kawo ranar kunun Isiya."

Ba ta firgita ba. Ta ci gaba da tsame mini laka daga kitso.

"Na sani."

Na zuba mata ido.

"Gwangwala da laka ga gindi, da sawun ɗauri ga kai, ina za ki same ta cikin marka? Tun kina sauke ta nig gane. Na dubi yaro, na dubi icce, nis sa wuta." Ta share hanci da bayan hannu. "Na ce gobe in kahwa wata, ruwa ya riga ni. Na ce to in tsaya wurin da kaina in kore mutane. Ban san ke za ki riga ni ba."

"Bari in hwaɗa ma Baba."

"Rufe min baki. Ke kin sha naki."

Ta zame cinyarta ta ɗora kaina a kan buhu. Ta dafa ɗorawa ta miƙe da kyar, zane na ɗigar ruwa, kai ba ɗankwali, ta nufi taron maza. Inna da ko baƙo ya yi sallama sai ta aike ni in amsa. Ta durƙusa daga ɗan nesa, cikin nan ya hana ta kaiwa ƙasa sosai.

"Ranka shi daɗe, mai gidana ya kahwa turkenai, bai yi ƙarya ba. Ni nic cire, ni niƙ ƙona. Yaro ba lahiya, gida ba icce. Shi bai sani ba."

Baba ya juyo ya dube ta. Wata tsohuwa daga cikin mata ta tafa hannu ta ce, "Yau ga abin kunya, uwa ta haƙa ma ɗiyarta kabari." Inna ba ta ɗaga kai ba.

"Akwai wani ramen da ba mu sani ba?" in ji mai gari.

"Babu, ranka shi daɗe. Ukun nan na."

Bawa ne ya fara tashi. Ya ɗauki gwangwalar tuƙin jirgi, ya yage hannun rigarsa ya ɗaura a kai.

"In mun zamna shari'a, ruwa ba ya zamnawa," ya ce, ya gangara.

Ya je ya kafa ta a bakin ramin, ya sunkuya ya ci gaba da yanka shi kaɗai. Aka ɗan jima, sai wani ya ɗauki laujensa, sai wani. Kafin hadarin ya sauka an kwashe duk abin da hannu ke iya kaiwa. Shinkafar ta kai mu har gero ya shigo, da ita aka yi tuwon sunan ƙanwata.

Baba ya yi kusan wata bai yi wa Inna magana ba sai ta bakina, ni da na jawo abin nake kai saƙo tsakaninsu. Daga baya ya huce. Matan tunga ne ba su huce ba. Suka laƙaba mata Ƙona-turke, a rijiya, a gidan biki, a wajen sussuka, da wasa da gaske. In itace ya ɓace a gidan wata sai a ce a tambayi Ƙona-turke. Sunan ya bi ta har ta yi furfura, jikokin waɗanda suka raɗa shi ma da shi suka san ta, ba su san dalili ba. Tana amsawa, wani lokaci har ta yi dariya. Sau da yawa ina tsaye a gefenta ake kiranta da shi, ina budurwa, ina matar aure, ina da 'ya'yana a baya. Har aka kai ta makwancinta ban taɓa buɗe baki na ce ni ce ba.